Albashi Bai Kai Wata Ba: Jan Hankali Ga Maigida Da Uwargida

Jama'a, babu wanda yake bukatar a gaya masa rayuwa ta yi tsada, kowa ya ji a jikinsa. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Kuɗin mota ya tashi, ya ja farashin duk abin da ake ɗorawa a mota, daga buhun masara har kwandon tumatir. A watan Disamba na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari a kan ta shekarar da ta gabata. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yuli na 2024, amma in ka raba shi gida 30, rabon kowace rana bai kai naira 2,400 ba. A cikin wannan ake son a ci, a sha, a biya wuta, a sa kati a waya, a sallami yara zuwa makaranta.

Farashin kasuwa ba a hannunmu yake ba. Abin da ke hannunmu shi ne yadda kuɗi ke fita daga gida, kuma yawancinmu ba mu san ta inda yake fita ba. Tambayi magidanci nawa ya kashe a kan cefane watan jiya, sai ya ce maka, "Kai, Allah ne kaɗai Ya sani." To, ya kamata shi ma ya sani.

A nemi ƙaramin littafin rubutu da biro. Wata guda cur a rubuta duk abin da ya fita, har naira 100 ta ashana da kuɗin ɗan garuwa. Da boko ko da ajami duk ɗaya ne, in kuma iyaye ba su iya ba, yaron da ke makaranta ya rubuta musu, ya ƙaru da lissafi. In wata ya ƙare, maigida da uwargida su zauna su duba tare. A nan ne ake samun cikas, domin maza da yawa suna ganin raini ne mace ta san abin da suke samu. Wannan kuskure ne. Matar da ba ta san zurfin aljihun mijinta ba, kullum zato take akwai sauran da ya ɓoye, ita ce kuwa mai riƙe da ludayi. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya abin ya fi muhimmanci, don gasar ranar girki, wannan ta zuba mai wannan ta ninka, ta cinye albashin magidanta da dama ba tare da kowa ya ƙara ƙoshi ba.

Sayen hatsi

Wanda ke sayen abinci gwangwani-gwangwani kullum, shi ne ke biyan farashi mafi tsada a gari. Hatsin da ya iso shagon unguwa ya bi ta hannun dillali, da mai mota, da ɗan sari, da mai awo, kowa ya ɗora ribarsa, mai sayen ƙarshe ne ke biyansu duka. Ban da haka, hatsi yana da lokaci. A yawancin shekaru ya fi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, ya fi tsada da tsakiyar damina, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa sabo kuma bai nuna ba. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa ko ma'aikacin da ba ya noma yakan yi awon shekara da kaka ya jibge a ɗaki.

Wani zai ce, wanda bai da na yau, ina zai sami na buhu? Maganarsa gaskiya ce, kuma ba a raina ta ba. Amma buhu ba dole mutum ɗaya ya saye shi ba. Buhun hatsi kan ɗauki kwano 40 ko kusa da haka. Gida huɗu su haɗa kuɗi, su wakilta mutum ɗaya amintacce ya je Dawanau, ko Dandume, ko Saminaka, ko kasuwar ƙauyen da ta fi kusa ranar cinta, a dawo a raba kwano goma-goma, kuɗin mota ma a raba shi huɗu. Haka za a yi da jarkar manja da katan ɗin sabulu. Mai zubin adashi kuwa ya roƙi uwar adashi tun farko ta sa kwasarsa ta faɗo da kaka, in ta zo ya mai da ita abinci kafin biki ko anko su ji ƙanshinta.

Sai dai saye daban, ajiya daban. Wake musamman ba ya jimawa ƙwaro ya huda shi ya bar gari. A tabbata ya bushe sarai kafin a ajiye: a ciza ƙwaya ɗaya, in ta fashe ƙas, ta bushe. Sannan a zuba a jarka ko duro mai murfi, a cika shi fal, a toshe yadda iska ba za ta shiga ba. Akwai kuma buhun PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje. In an ɗaure kowanne da kyau, ƙwarin da ke ciki sai su mutu don rashin iska, ba tare da an sa magani ko ɗigo ba. A ɗora buhun a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, a kuma kiyaye shi daga ɓera.

A nan akwai gargaɗi. Kada a yayyafa wa abincin iyali maganin ƙwari na feshi da sunan adana shi. Guba ce. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Abin da baƙo ya ƙi ci don tsoron lafiyarsa, bai kamata mu ɗura wa 'ya'yanmu ba.

Kayan miya ma haka suke. Da rani, lokacin da lambunan Kadawa da Kura suke zubar da tumatir, kwando yakan yi arha har manomi ya yi kuka. Da damina kuwa sai a ƙirga maka guda huɗu a faranti. Uwargida mai dabara a lokacin arahar take yanka shi ta shanya ta yi kauɗa, ta busar da tattasai da attaruhu da kuɓewa. A shanya a kan tabarma mai tsabta a wuri mai tudu, ba a bakin titi inda ƙura da akuya ke bi ba. In da ɗan fili a tsakar gida a dasa zogale, ruwan alwala ma ya ishe shi. Alayyahu da yakuwa suna fitowa ko a tsohon bokiti.

Yanzu sai mu duba abin da ke shiga tukunyar. A shekarun nan gidaje da yawa sun koma shinkafa da taliya da burodi, har yaro na ganin tuwon dawa horo ne. Alhali burodi da taliya daga alkama ake yinsu, mafi yawan alkamar kuwa daga waje ake sayo ta da dala, duk ranar da naira ta faɗi sai su tashi. Gero da dawa da masara da wake a gonakinmu suke. Koko da ƙosai, ɗanwake, dambu, fate, tuwo da miyar kuka mai daddawa, duk sun fi riƙe ciki, kuma ba su san farashin dala ba sai daga nesa. Ba a ce a daina cin shinkafa ba, a dai rage mata kwanaki. Ɗumame kuma ba abin kunya ba ne. A rufe tuwon dare da kyau, da safe a ɗumama shi ya yi zafi har ciki, an huta da kuɗin karin kumallo.

Makamashi

Ko gas ake amfani da shi, ko gawayi, ko itace, dokar ɗaya ce: kada wuta ta jira mai girki. A gyara kayan miya, a wanke shinkafa, a kawo komai kusa, sannan a kunna. A rufe tukunya. In ta tafasa a rage wuta, domin ruwan da ya riga ya tafasa ba ya ƙara zafi komai yawan wutar da aka zuga masa, tururi kawai zai yi ta tashi da kuɗinka. Wake in ya kwana a jiƙe, lokacin dahuwarsa yana raguwa ƙwarai. Akwai ma dabarar da ba kowa ya sani ba: in shinkafa ko wake ya tafasa na ɗan lokaci, a sauke tukunyar a rufe, a naɗe ta da tsohon bargo mai kauri a sa a kwando, zafin da ke ciki zai ƙarasa dahuwar. Garwashin da ya rage a kashe shi a ajiye don gobe. Amma kada a shigar da gawayi mai ci cikin ɗaki a rufe ƙofa, ko da sanyin hunturu ne, hayaƙinsa marar wari yana kisa cikin barci.

Wuta da waya

A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya ga 'yan rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225, daga baya aka ɗan sassauta. An kasa masu amfani da wuta rukuni biyar, A zuwa E, gwargwadon awannin da aka yi musu alkawari a rana: 20, 16, 12, 8 da 4. Ka san rukuninka, yana rubuce a takardar biyan kuɗi. In ana cajinka kuɗin awa 20 ba ka samun rabin haka, haƙƙinka ne ka kai ƙara a rubuce ofishin kamfanin da ke ba ka wuta, KEDCO ne ko na Kaduna ko na Jos ko na Yola, in ba a share maka hawaye ba ka wuce dandalin sauraron ƙorafi na NERC. Wanda bai da mita ya dage ya nema, don mai biyan kuɗin kintace ko ya kashe komai na gidansa takarda za ta zo.

Mai mita kuwa ya san abin da ke shan yunit ɗinsa. Ga lissafi mai sauƙi. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, in yana kunne awa 6 kullum, yana cin kusan yunit 11 a wata. Sabon ƙwai irin na LED mai wat 9, da haske kusan iri ɗaya, bai cin yunit 2. A gida mai ƙwai biyar, bambancin ya haura yunit 45 kowane wata. Ka ninka da farashin rukuninka ka gani. Manyan masu ci kuwa su ne duk abin da ke yin zafi: hita, dutsen guga, rishon lantarki. Kowannensu yakan ja wat 1,000 ko fiye, wato awa ɗaya yunit ɗaya. A tara guga a yi ta rana ɗaya, a dafa ruwan shayi sau ɗaya a zuba a fulas, a daina yawan buɗe firiji. Satar wuta ta bayan mita kuwa ba tattali ba ce, laifi ne a doka, kuma hanya ce ta gobara.

Waya ita ce sabon bakin da ya shigo gida yana ci ba a ƙirga shi cikin iyali. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Wanda ke sayen data ta naira 500 kullum, a wata ya kashe naira 15,000, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na mafi ƙarancin albashi, akasari kuma a kallon bidiyon da bai tuna shi ba bayan la'asar. A sayi ta wata, a hana bidiyo buɗe kansa a Facebook da TikTok, a hana WhatsApp sauke kowane hoto da aka turo. A danna *305# a soke waƙoƙin kira da sauran tarkacen da ake zarar kuɗinsu ba da saninka ba. Rancen kati ma a guje shi, kusan kashi 15 cikin ɗari ake cirewa tun kafin ya shigo.

Akwai inda almakashi bai kamata ya kai ba. Abincin ƙananan yara, da na mai ciki, da na mai shayarwa, ba a rage ingancinsa. In nama ya gagara, akwai wake, da awara, da ƙuli-ƙuli, da ƙwai, da busasshen kifi, da ganye. Yaron da aka bar shi da gaya da ruwan miya zai rame, abin da aka yi tsimi a kicin kuma a kai shi kemis ninki biyu. Haka maganin mai hawan jini ko ciwon suga, ba a tsallake shi don wata ya yi nisa.

Saura magana ɗaya, kuma da kai ake, maigida. Ba adalci ba ne ka rage kuɗin cefane ka ce gari ya yi zafi, sannan da daddare a gan ka wurin mai shayi an soya maka ƙwai uku, ko ka tsaya wurin mai tsire ka cinye a tsaye ka goge baki kafin ka shiga gida. Wannan ma kuɗin gida ne, kuma iyali suna sane ko ba su faɗa ba. In za a tsuke, a fara da kai. Ka dawo gida ka ci abin da aka dafa tare da 'ya'yanka, abin da ka saba bari a bakin titi kuma ka miƙa wa uwargida ta ƙara a tukunya.