Ƙannena Sun Hana Kwamfutata Sakat

Tambaya: Ina da tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 a falo. Da na fita, ƙannena sai su hau ta suna buɗe min takardu. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, abin bai kai na faɗa ba. Shiga Control Panel, ka zaɓi User Accounts, ka sa wa asusunka kalmar sirri. Kada ka sa sunan matarka ko lambar wayarka, don duk gidan sun haddace su. Sannan ka buɗe wa yaran nasu asusun na Standard, su yi wasanninsu can, ba tare da ikon sa manhaja ko leƙa takardunka ba. In za ka tashi, ko da alwala za ka je, danna maɓallin Windows tare da L, allon zai kulle.

Amma wannan makulli na hana yara ne kawai. Wanda ya zare faifan ajiya ya jona shi a wata na'ura zai karanta komai, sai in ka rufe takardun da manhajar VeraCrypt. Kuma tun Janairun 2020 Microsoft ya daina gyara Windows 7, don haka kada ka yi harkar banki a kanta.