Yadda Ƙungiyoyin Sa Kai Suke Ɗinka Bargon Sadaka a Amurka

A garuruwan Amurka akwai daɗaɗɗiyar al'ada ta haɗuwar mata a zauren majami'a ko ɗakin karatu na unguwa domin ɗinka wani irin bargo mai hawa uku, wanda ake raba wa majinyata da waɗanda bala'i ya afka wa. Daga cikin ƙungiyoyin da suka yi fice a wannan aiki akwai Project Linus, wadda Karen Loucks ta kafa a jihar Kolorado a 1995 domin yaran da ke jinya ko cikin wani ƙunci, kuma sharaɗinta shi ne bargon ya kasance sabo, aikin hannu, mai jure wanki. Hawa ukun su ne fuska, wato saman da ake harhaɗawa da ƙyallaye masu launi iri-iri, sai ciko na auduga a tsakiya, sai shafi a ƙasa. Tsarin ya yi kama da na lifidin dawakin ƙasar Hausa, illa dai a nan taushi da ɗumi ake nema.

Aikin yana farawa da tantance yadin da jama'a suka bayar, inda ake fifita na auduga zalla, a ware duk wanda ya ɗauki warin taba ko gashin kyanwa, saboda yaron da ke fama da ciwon ƙirji ba zai iya jure su ba. Da yawa sukan wanke yadin su goge shi kafin a taɓa almakashi, domin auduga tana tsukewa a wankin farko, jan launi kuma yakan zuba ya ɓata farin da ke kusa da shi.

Yanka da haɗi su ne inda aikin taro yake gyaruwa ko ya lalace. Fasalin da ya fi sauƙi shi ne mai gida tara, wato murabba'ai tara da ake jerawa uku-uku, mai duhu kusa da mai haske, su ba da babban murabba'i guda. Idan aka yanka kowane ƙyalle inci 4½, aka bar rubu'in inci a kowane gefe domin bakin ɗinki, babban murabba'in zai tashi inci 12 bayan an gama haɗi, kuma guda 12 daga cikinsu za su ba da bargon yaro mai faɗin inci 36 da tsawon inci 48. Wannan rubu'in inci ya cancanci duk kulawar da ake ba shi, domin murabba'an suna fitowa ne daga kekunan ɗinki daban-daban, kuma idan wata mai ɗinki ta ɗan zarce ma'aunin, kuskuren yana taruwa daga ɗinki zuwa ɗinki har kusurwoyi su ƙi haɗuwa. Saboda haka ƙungiya mai tsari takan ɗora yanka a kan ƙwararru, ta ba sababbin shiga guga da jera launuka, waɗanda su ma ayyuka ne masu daraja, tun da bakin ɗinkin da ba a kwantar da guga ba yakan yi tudu a ƙarƙashin allura.

Bayan an haɗa fuska, sai a shimfiɗa shafi a kan babban teburi, a ɗora ciko, a rufe da fuskar, a riƙe su da fil daga tsakiya zuwa gefe don kada su tattare. Daga nan hanya biyu ce: ko a bi hawa ukun da layukan ɗinki, ko a ƙulle su da zare mai kauri a tazarar inci kaɗan. Ƙulli ya fi sauri, har wanda bai iya keke ba yana iya yin sa, amma ɗinki ya fi dacewa da bargon jariri, saboda ya fi jure injin wanki kuma ba ya barin silin zare da yaro zai ja.

A ƙarshe ana datse gefuna, a lulluɓe su da tsirin yadi mai faɗin inci 2½ da aka ninka biyu, a ɗinka alamar ƙungiya a kusurwa, sannan a shafa bargon da hannu baki ɗaya domin tabbatar da babu fil ko allura da aka manta a ciki. Sai ya tsallake wannan bincike ake miƙa shi ga jami'in reshen ƙungiyar, wanda ke kai barguna asibitoci da gidajen fakewa na yankinsa.