Auna Aikin Sirtuwin a Murhun Ƙwayar Tsiro: Darasi Domin Geron Ƙasar Gumel

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya san ƙasar Gumel, tun daga Gagarawa da Sule Tankarkar har zuwa Maigatari a bakin iyakar Nijar, ya san cewa daminarta gajeruwa ce, ƙasarta kuwa jigawa. Farin 1973 da na 1984 sun nuna wa talakawan wannan yanki abin da ke aukuwa idan ruwa ya ɗauke kafin hatsi ya nuna. Duk da haka gero ne ya riƙe su, domin yakan jure zafin da ya kai digiri 40 yana cikin fidda kai. Sanin sirrin wannan juriya shi zai taimaka wa masu kyautata iri su zaɓo wanda zai tsira a shekarar fari.

Ɗaya daga cikin wuraren da masana ke leƙawa wajen neman irin wannan sirri shi ne wani sinadari da ake kira sirtuwin. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda ake auna aikinsa, da kuma nuna cewa awon ba ya da amfani sai an kafa masa shaidu.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Jikin tsiro an gina shi da ƙwayoyin halitta ne, waɗanda ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan ɗakuna da masana ke kira mitokondiriya, inda ake ƙona sukari da iskar oksijin a sami ƙarfi. Saboda haka a nan za mu kira su murhu.

Inzayim kuwa furotin ne mai gaggauta sauyawar wani abu zuwa wani. Matan Hausawa sun daɗe suna aiki da shi: idan aka zuba tsiron hatsi ko garin dankali a kunun zaƙi mai kauri, sai ya tsinke ya yi zaƙi. Inzayim ɗin da ke cikinsu ne ya farfasa sitaci ya mai da shi sukari.

Sirtuwin shi ma inzayim ne, amma aikinsa daban. Furotin da yawa a cikin murhu sukan sami wata 'yar hula da ake kira asetil, a bisa wata gaɓa tasu mai suna laisin. Sa hular ko cire ta kan sauya yadda furotin ke aiki, wani ya ƙara sauri, wani ya rage. Sirtuwin shi ne mai cire hula. Sai dai ba ya cirewa kyauta: kowace hula ɗaya sai ya ci ƙwaya ɗaya ta wani sinadari mai suna NAD, ya bar saura da ake kira nikotinamaid. Tun da yake yanayin NAD na sauyawa gwargwadon yunwa ko ƙoshin ƙwayar halitta, sirtuwin ya zama tamkar mai kula da murhu, wanda ke duba itace kafin ya iza wuta.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

A jikin yisti aka fara gano shi, da sunan Sir2. A 2000 ne Shin-ichiro Imai da Leonard Guarente na jami'ar MIT a Amurka suka tabbatar da cewa ba ya aiki sai da NAD. Ɗan'adam yana da iri bakwai, uku daga ciki a murhu suke. Shinkafa tana da biyu kacal, haka ma Arabidopsis, wata 'yar ciyawa dangin kabeji da masana suka mayar abin gwaji. A 2007 masu bincike a Wuhan ta ƙasar Sin suka rage aikin na farko a shinkafa, sai ƙwayoyin ganyenta suka riƙa mutuwa. A 2014 kuma Ann-Christine König da Iris Finkemeier da abokan aikinsu a Jamus suka nuna cewa na biyun, watau SRT2, yana zaune a murhun Arabidopsis, kuma rashinsa kan sauya yawan sukarin da ke jikin tsiron.

4.0 Yadda Ake Awon

4.1 Fitar da murhu. Akan niƙa ɗanyen tsiro a cikin ruwa mai sanyin digiri 4, wanda aka narka wa sukari gwargwadon da zai hana murhun kumbura ya fashe. Sai a tace, a zuba a na'ura mai juyi. Juyin farko sannu-sannu ne, domin dusa mai nauyi ta kwanta a zubar da ita. Juyi na biyu mai ƙarfi ne, shi ke kwantar da murhun. Daga nan a sake rairaye shi a cikin wani ruwa mai suna Percoll, domin a raba shi da sauran tarkace. Kafin a ci gaba, wajibi ne a gwada ko yana shan oksijin, don a tabbata ba mushe ake aunawa ba.

4.2 Ɗana tarko. Akan kawo ɗan guntun furotin na ƙira, mai laisin sanye da hula, an liƙa masa wani rini wanda ba ya ƙyalli muddin yana liƙe. Sai a haɗa shi da murhun da aka fasa, a zuba NAD, a bari na wani ƙayyadadden lokaci. Bayan haka a zuba inzayim na biyu mai suna tirifsin. Shi tirifsin almakashi ne, amma ba ya yanka laisin mai hula. Saboda haka inda sirtuwin ya cire hula kaɗai zai yanka, rinin ya kuɓuta. Idan aka haska shi da haske mai zangon nanomita 360, sai ya mayar da shuɗin ƙyalli mai zangon 460, na'ura ta ƙidaya.

4.3 Daidaita mudu. A kasuwar Alhamis ta Maigatari, mai sayen riɗi ba ya yarda da awo sai ya san mudun. Haka nan ma: akan auna ƙyallin rini mai sanannen yawa a gwama, sa'an nan a lissafa hula nawa aka cire cikin minti ɗaya ga kowane miligiram na furotin.

5.0 Shaidu

Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Akwai wasu inzayim masu cire hula da ba sirtuwin ba ne, kuma suna iya biyo murhu cikin kwalba. Don haka akan jera kwalabe huɗu. Ta farko ita ce cikakkiya. Ta biyu babu NAD: ƙyallin da ya fito a cikinta ba na sirtuwin ba ne. Ta uku an cika mata nikotinamaid, wanda ke toshe sirtuwin: dole ƙyallinta ya ragu. Ta huɗu an tafasa murhunta, domin a ga ƙyallin da ke fitowa ba tare da wani aiki ba. Bugu da ƙari, akan zuba wa dukkansu tiraikositatin, maganin da ke kashe wancan dangi amma ba ya taɓa sirtuwin.

Sakaci da shaida yana da tsada. A 2003 aka ba da rahoton cewa resberatirol, wani sinadari da ke cikin inabi da gyaɗa, yana ƙara wa sirtuwin ɗin ɗan'adam kuzari. A 2005 wasu masana suka cire rinin suka sake awon, sai ƙarin ya ɓace, watau rinin da kansa yana da hannu a sakamakon. Duk da haka a 2008 kamfanin GlaxoSmithKline ya sayi kamfanin Sirtris, mai neman magani ta wannan hanya, a kan dala miliyan 720, ya kuma rufe ofishinsa a 2013. Wannan ne ya sa masu hattara ba su tsayawa kan ƙyalli kaɗai, sai sun tabbatar da wata hanya da ba ta buƙatar rini, kamar auna nauyin guntun furotin kafin da bayan cire hula.

6.0 Amfanin Gonarmu

Kowane tsiron ƙasar Gumel yana da nasa tarnaƙi. Ganyen gero yana da tauri da kore mai yawa, saboda haka ya fi kyau a tsirar da shi a duhu na 'yan kwanaki, ya fito fari mai laushi. Riɗi kusan rabin nauyinsa mai ne, kuma man kan taso saman kwalba, sai an yaɗe shi. Zoborodo, wanda 'yan kasuwar Maigatari ke tarawa don fitarwa waje, tsaminsa kan lalata inzayim, jan launinsa kuma ya shanye haske. Sa'an nan ga zafin bazara: ƙanƙara ta narke, aikin yini ya lalace. Hikima ita ce a ɗauko iri daga rumbun manomi, a tsirar da shi kusa da na'ura.

Hanya kuwa a buɗe take. A 2017 aka wallafa taswirar ƙwayoyin gadon gero a ƙarƙashin jagorancin ICRISAT, cibiyar da ke da reshe a Kano da kuma Sadore kusa da Yamai. Jami'ar Bayero ma tana da Cibiyar Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa. Ɗalibi zai iya gwama irin gargajiya da ingantacce kamar SOSAT, rabi an shayar, rabi an bar shi da ƙishi.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa auna sirtuwin mataki uku ne, amma shaidunsa su ne ransa. Mafi yawan abin da aka sani an samo shi daga shinkafa da ciyawar ƙasashen sanyi, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa gero hukuncin da aka yanke wa wani tsiro. Sai an auna shi da kansa, da mudun da aka yarda da shi, tun da iri ne da manomi zai jingina abincin shekararsa a kai. Aikin masana Hausa a nan shi ne su tace kalmomin da muka gwada, irin su murhu da hula da shaida, domin sakamakon ya isa ga malamin gona da manomi cikin harshen da suke ji.