Yadda Ake Wanke Kafiretar Injin Markaɗe

Daga Gumel har Maigatari, daga Gagarawa har Sule Tankarkar, ƙaramin injin fetur ɗin nan samfurin Honda GX160, da 'yan uwansa ƙirar Caina, shi ke juya injin markaɗe, shi ke jan ruwa a lambu, irinsa ne kuma a janareton masu cajin waya. Ciwonsa kusan ɗaya ne: a yi ta jan igiya ya ƙi tashi, ko ya tashi da cok, ana buɗewa ya mutu.

Gwanin bakanike ba ya fara kwance kafireta. Baƙin mai yake fara dubawa, domin wasu injinan kashe kansu suke in ya yi ƙasa. Sai fulogi: in yana ba da wuta amma bakinsa a bushe, mai bai iso ba, in a jiƙe yake ko ya yi baƙi ƙirin, mai ya yi yawa, ko soson iska ya toshe da ƙurar hunturu da garin niƙa. Injin da ke aiki na 'yan mintoci ya ɗauke kuwa, sassauta murfin tanki; sau tari 'yar kafar iskar murfin ce ta cushe.

Tushen matsalar dai man ne. A Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, a Mayun 2023 kuma aka cire tallafi. Mai ƙaramin inji a ƙauyukan nan sai ya koma sayen kwalba ɗaya ko biyu wurin 'yan bumburutu, kuma jarkar da ta sha hanyar rairayi ba ta rasa yashi da ɗigon ruwa.

To, in an tabbatar matsalar ta kafireta ce, a rufe makunnin mai, a sa sifana lamba 10 a kwance kofin da ke ƙarƙashin kafireta. Juye man a farar roba ka duba: ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi kwance a ƙasa. A zare filot, wato abin da ke iyo a kan man kofin, da allurarsa, a ajiye su a kan tsumma mai tsabta, ban da ƙasa.

Jet ne wurin da ake gane hannu. Ɗan ƙarfen tagulla ne a cikin bututun tsakiya, kafarsa ba ta kai milimita ɗaya ba, kuma ta nan duk man da injin ke sha yake bi. Sukundireba sai wadda ta cika bakinsa daidai. In ta yi ƙanƙanta ta cinye bakin, shi ke nan ya maƙale. Bayan ya fito, ƙwanƙwasa kaɗan, siririn bututu mai ƙananan kafofi zai biyo shi. A jiƙa su a fetur mai kyau. Yaran shago masu gaggawa kan ɗauko allurar ɗinki su zurkuɗa. Tagulla kuwa laushi gare ta, kafar sai ta buɗe, injin ya tashi amma ya dinga zuƙar mai yana baƙin hayaƙi har a canza jet. Tsofaffin hannu sili ɗaya suke warewa daga tsohon kebul ɗin birkin babur, su zura a hankali ba tare da murzawa ba, su hura, su ɗaga wajen rana. Sai an ga haske zagaye sumul a kowace kafa. Kada a manta ƙaramin jet na baƙar roba da ke sama. In ya toshe, injin zai riƙa hawa da sauka kamar mai haki.

A mayar da komai, a tabbatar robar bakin kofi ta zauna, a buɗe mai. In yana zuba, allurar filot ba ta rufewa. In babu ɗigo, ja biyu ya isa.

Aikin ƙarami ne, amma ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari ka ga yadda ake jeruwa da injina a shagon bakanike, wasu na matan aure ne da ke markaɗe a cikin gida, da shi suke rufa wa kansu asiri. Don haka, mai inji, tace manka da ƙyalle kafin ka zuba, wanke soson iska duk mako lokacin hunturu, in kuma za ka ajiye inji ya daɗe, rufe mai ka bar shi ya shanye na kafireta ya mutu da kansa. Rigakafi ya fi magani.