Kunne Ko Zuciya? Kimiyyar Sha'awar Sauya Kayan Sauti

A cikin shekaru sittin zuwa saba'in, gidajen birnin Katsina sun ga na'urorin sauraro iri-iri sun zo sun wuce. Da farko garmaho ne, wanda ake wanawa da hannu a ɗora masa faifai. Daga nan sai rediyo mai batir, sai kuma rikoda mai kaset, wadda ta yawaita bayan da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a farkon 1975. A shekarun 1990 manyan saiti na Sony da Aiwa da Sharp da Kenwood, masu sifika biyu da fitilu masu rawa, suka zama ƙawar falo da ɗakin amarya. Bayansu faifan CD ya zo, sannan mimori da wayar hannu. Muryar Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, ta ratsa waɗannan na'urori duka.

Abin lura shi ne, duk lokacin da sabuwar na'ura ta shigo kasuwa, sai wadda ake yabo jiya ta fara gundurar mai ita. Magidanci zai sayi saiti, ya yi watanni yana jin daɗinsa. Ranar da ya ji na maƙwabci, ko ya ga wani mai manyan sifika a shago, sai ya dawo gida ya ji kamar nasa ya shaƙe, alhali ko waya ɗaya ba ta tsinke a cikinsa ba. Shin kunnensa ne ya gano wani naƙasu, ko kuwa zuciyarsa ce ta sauya? Wannan tambaya ce da kimiyya ke iya amsawa da awo da lissafi.

Iyakar kunne

Sauti girgizar iska ce. Idan makaɗi ya doki fatar kalangu, fatar tana kai da komowa, tana tura iskar da ke kusa da ita, har girgizar ta iso fatar kunne. Yawan kai da komowar a daƙiƙa guda shi ake aunawa da ma'aunin haz. Girgiza kaɗan tana ba da sauti mai kauri irin na ganga, mai yawa kuwa tana ba da siririn sauti irin na sarewa. Kunnen yaro mai lafiya yana jin abin da ya kama daga haz 20 zuwa kimanin haz 20,000. Sama da haka, sai dai kare ko jemage.

Wannan iyaka ba ta tsayawa wuri ɗaya. A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar dodon-koɗi, wanda ke ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000, su ne ke mayar da girgiza ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke karantawa. Idan suka mutu ba sa sake tsirowa, kuma masu karɓar siraran sautuka su ne kan fara mutuwa. Don haka mutane da yawa da suka haura shekara 50 ba sa jin abin da ya wuce haz 14,000. A nan akwai abin dariya: yawanci lokacin da mutum ya tara kuɗin sayen babban saiti, kunnensa ya riga ya rasa wani ɓangare na abin da saitin ke fitarwa, ɗansa na aji uku a sakandare kuwa yana ji sarai.

Lissafin wat

Babu abin da ke jan mai saye kamar lambar da aka rubuta da manyan haruffa a jikin kwali: wat 1,000, wat 2,000, har fiye. Ɗalibin fizis yana iya bin diddigin wannan lamba ba tare da ya kunna na'urar ba. Sai ya juya bayanta, ya karanta ɗan allon da ke nuna wutar da take sha daga soket. Idan an rubuta wat 60, to tambaya ta zo: ta yaya na'urar da ke shan wat 60 za ta riƙa fitar da wat 2,000? Ƙa'idar kiyayewar makamashi ta ce ba a ƙirƙirar makamashi daga babu. Sirrin yana cikin haruffa huɗu da ake saƙalawa kusa da lambar, wato PMPO, awon da ba shi da wata ƙa'ida da kamfanoni suka yarda da ita, kowa yana lissafa nasa yadda ya ga dama. Awon da ya fi kusa da gaskiya shi ne wanda ake rubuta wa RMS, domin yana nuna ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a ɗore, kuma sau da yawa ɗan ƙaramin kaso ne na waccan babbar lamba.

Ko da lambar gaskiya ce, kunne ba ya ƙirga kamar mai awon hatsi. A ƙarni na 19 masana biyu na ƙasar Jamus, Ernst Weber da Gustav Fechner, suka nuna cewa gaɓoɓin ji da gani suna lura da ninki ne, ba ƙari ba. Wanda ke ɗauke da mudu ɗaya na gero zai ji idan an ƙara masa mudu ɗaya, amma wanda ke ɗauke da buhu da ƙyar zai lura. Saboda haka ake auna ƙarfin sauti da desibel, ma'aunin da ke tafiya bisa ninki. Idan aka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ake ƙarawa, bambancin da kunne ke ji amma ba ya girgiza kowa. Kafin mai sauraro ya ce ƙarar ta ninka, sai an ƙara kimanin desibel 10, wato an ninka wat sau goma. Mutumin da ya sayar da saitinsa mai wat 50 ya ciko kuɗi ya sayi mai wat 100, desibel 3 ya saya. Da ninkin ƙara yake nema, da sai mai wat 500. Alhali kuwa sifikar gida ta yau da kullum tana ba da desibel 85 zuwa 90 daga wat ɗaya tak, ga wanda ke zaune mita ɗaya daga gabanta.

Akwai kuma wata dabi'ar kunne da ke aiki a cikin shago. A 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell a Amurka suka auna yadda kunne ke karɓar sautuka daban-daban. Suka gano cewa idan ƙara ta yi ƙasa, sautuka masu kauri su ne kan fara ɓacewa, idan kuma an ƙara murya sai su dawo. Don haka idan aka kunna na'urori biyu masu inganci ɗaya, aka ɗan ɗaga ƙarar ɗayar, mai sauraro zai ce ta fi cika da daɗi, ba zai ce ta fi ƙara ba. Mai shago ba ya bukatar sanin sunan Fletcher kafin ya san wannan.

Sauyin da ya amsa sunansa

Ba kowane sauyi ba ne ruɗi. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, yana tafiya ne santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma a ƙarƙashin kiɗan kullum akwai wani shuu da ba ya ɗaukewa. Idan bel ɗin rikoda ya saki, sai murya ta riƙa lanƙwasa kamar mawaƙin yana jin barci. Mafi muni, kasetocin da ake sayarwa a kasuwa galibi kwafin kwafi ne, kowane kwafi kuma yana ƙara shuu yana rage siraran sautuka. Faifan CD, wanda Philips da Sony suka fitar a 1982, ya kawar da waɗannan matsaloli. Yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, ya adana kowane awo a matsayin lamba. Ƙa'idar lissafi ta Nyquist da Shannon ta nuna cewa irin wannan awo yana riƙe duk wani sauti da bai kai rabin wannan adadi ba, wato haz 22,050, abin da ya riga ya wuce iyakar kunne. Tazarar da ke tsakanin mafi ƙanƙantar sauti da mafi ƙarfi a CD ta kai kimanin desibel 96. Ɗaki mai shiru da dare yana da hayaniyar kansa ta kusan desibel 30, saboda haka mai son jin tazarar nan duka sai ya ɗaga ƙara zuwa desibel 126, inda kunne ke fara ciwo. Ina kuma ga gidan da ke bakin titin Ƙofar Kaura, inda babura ke wucewa, janareton maƙwabta kuma na ruri?

Bayan CD an fito da tsare-tsaren da suka fi shi yawan awo. A 2007 Brad Meyer da David Moran suka wallafa gwajin da suka yi a Amurka, inda masu sauraro ke ƙoƙarin bambance irin waɗannan faya-faye da ingancin CD ba tare da an gaya musu wanne ke kunne ba. Cikin gwaji 554 sun dace sau 276, wato rabi, daidai da abin da jefa kwabo zai bayar. A 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary a Landan ya haɗa gwaje-gwaje 18 ya sake lissafi, ya sami dacewa kimanin kashi 52 cikin ɗari. Akwai bambanci ke nan, amma ɗan mitsitsi ne.

Ido yana ji

Tun a 1915 kamfanin Thomas Edison ya fara shirya taruka a manyan ɗakuna, inda mawaƙi zai tsaya kusa da garmaho yana rerawa tare da faifansa. Sai a kashe fitila, mawaƙin ya sulale, idan an kunna fitila jama'a su ga na'ura ce kaɗai ke waƙa, su yi ta mamaki. Mawaƙan sukan daidaita muryarsu da ta na'urar, amma duk da haka abin dubawa ne cewa garmahon da yau kowa zai ji ƙarancinsa ya taɓa gamsar da dubban mutane. Abin da mutum ya sa rai zai ji yana shiga cikin abin da yake ji. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive suka gwada haka a kamfanin Harman. Da masu sauraro suna ganin sifikokin, sai suka fifita manya masu tsada da ƙyalli. Da aka sa labule, sai tazarar makin ta ragu ƙwarai.

Sauran bayanin yana wajen masana halayyar ɗan Adam. Ƙwaƙwalwa tana saurin sabawa da abin da ba ya sauyawa, kamar yadda mai shiga shagon turare ke daina jin ƙamshi bayan ɗan lokaci. Philip Brickman da abokan aikinsa sun ruwaito a 1978 cewa mutanen da suka ci maƙudan kuɗi a caca ba su fi sauran jama'a jin daɗin rayuwa da wani abin kirki ba bayan ɗokin ya wuce. Haka ɗokin sabon saiti yake. Sannan sabon abu yana jawo ɗan'uwansa. Marubucin Faransa Denis Diderot ya ba da labari a 1769 cewa da ya sami sabuwar riga mai kyau, sai kujerarsa da teburinsa suka zama abin kunya a idonsa, ya yi ta sauya su ɗaya bayan ɗaya. Sabuwar sifika ma takan sa amfilifaya ta tsufa a dare ɗaya, ita kuma ta nemi sababbin wayoyi.

Ɗaki, ƙura da wuta

Wani lokaci mai saiti yana da gaskiya, sautin ya lalace, sai dai ba inda yake zato ba. Mafi yawan abin da ke isa kunne a cikin ɗaki ya riga ya bugi bango ko daɓe ya dawo. Wallace Sabine na Jami'ar Harvard ya gano ƙa'idar wannan daga 1895, ta hanyar jigilar matasan kujeru zuwa wani ɗakin lacca mai yawan amsa-kuwwa, yana auna tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu. Falon siminti mai tayil da bango sumul yana mayar da kusan duk sautin da ya same shi, sai kalmomi su haɗe. Darduma da labule da kujerun kushin suna shanye shi. Tafi ɗaya a tsakiyar ɗaki ya isa gwaji. Haka kuma kowane ɗaki yana da sauti mai kauri da yake kumburawa, ana samunsa idan aka raba gudun sauti da ninki biyu na tsawon ɗakin. A zafin Katsina na digiri 35 sauti yana gudun kimanin mita 352 a daƙiƙa, don haka ɗaki mai tsawon mita 4 yana kumbura haz 44. Sifikar da aka cusa a kusurwa tana tada wannan gunji fiye da kima, janye ta daga bango kuwa ba ya cin ko sisi.

Ƙurar hunturu tana toshe idon na'urar CD, tana kwanciya a kan hed ɗin rikoda, tana sa maɓallin ƙara ƙarar-ƙarar. Auduga da sifirit da mayafin rufewa suna maganin da yawa daga ciki. Zafi yana cinye soson da ke zagaye da bakin sifika, mai gyaran rediyo kuma yana iya sauya shi. Wutar da ke zuwa ƙasa da ƙima tana sa amfilifaya ta gaza da wuri, murya ta fashe, wadda ke dawowa da ƙarfi kuwa tana ƙona kaya, shi ya sa sitabilaiza ta fi ƙarin wat amfani. Kunnen kansa ma yana bukatar tsaro: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a desibel 80, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi.

Gwaji don aji

Malami na iya kawo na'urori biyu, mai tsada da mai araha, ya ajiye su bayan labule. A zaɓi waƙa ɗaya da ɗalibai suka sani, a daidaita ƙarar na'urorin da manhajar awon desibel ta wayar hannu, domin idan ba a daidaita ba gwajin ya ɓaci tun daga tushe. Ɗalibi ɗaya ya zauna bayan labulen yana jefa kwabo don zaɓen wadda zai kunna, yana rubutawa, ba ya magana. Sauran su rubuta wadda suke zaton sun ji, har sau 20. Mai cinta kawai zai dace kusan sau 10. Yiwuwar dacewa sau 15 ko fiye ta hanyar sa'a kimanin 2 ce cikin 100, don haka wanda ya kai 15 ana iya cewa ya ji bambanci na haƙiƙa. Bayan an gama, a ɗage labulen a maimaita, a kwatanta sakamakon biyu a kan allo. Yana da kyau a gwada sifika biyu a rana ɗaya, wayoyin haɗi biyu a wata rana, kuma a rubuta makin malamai dabam da na ɗalibai.