Dakata Tukuna, Kafin Ka Koma Wurin Mai Shago

Ɗana,

Saƙonka ya iso, na kuma ji ɓacin ran da ke cikinsa. Ka yi ta tari har ka haɗa kwamfutar wasa da hannunka, sai ga shi da zarar wasa ya ɗau zafi ta ɗauke ɗif, ko sallama babu. Ka ce gobe za ka kwashi kayan ka koma kasuwar Jimeta ka yi wa mai shago tas. Ka dakata. Mai yiwuwa yana da laifi, amma yau ba ka da hujja a hannu, kuma a garin nan akwai waɗanda suka fi shi cancantar tuhuma: zafi da wuta.

Fara da lura da irin mutuwar da take yi. In allo ya yi shuɗi ya rubuto bayani kafin ta sake tashi, yawanci ram ne ko manhaja. In kuwa fanka ta tsaya, fitilu suka mutu kamar an fizge filogi, to zafi ne ko wuta. Za ka tarar Windows ta rubuta Kernel-Power 41 a Event Viewer. Kada ka yi murnar kama ɓarawo, abin da take faɗa kawai shi ne kwamfutar ta mutu ba bisa ƙa'ida ba, kai ma ka riga ka sani.

Waɗannan samarin da kake kallo a YouTube suna haɗa tasu ne a ɗaki mai sanyi. Kai a Yola kake, inda Maris da Afrilu ke haura digiri 40, ɗakinka kuma rufin kwano. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take hurawa, saboda haka duk abin da ɗakin ya ƙara, furosesa ma sai ya ƙara. Na Intel yawanci iyakarsa wajen digiri 100 ne, na AMD wajen 95. In ya kai can sai ya rage gudu, in abin ya ƙi sai ya kashe kansa don kada ya ƙone. Ka sa HWiNFO, ka bar ta a buɗe, ka shiga wasa kana duba lambar. In tana tsalle zuwa 90 cikin 'yan mintoci, kashe, ka cire abin sanyaya furosesa ka duba gindinsa. Akwai wata siririyar leda da ake mannawa a can daga masana'anta, kuma masu haɗin farko da yawa suna ɗaure shi da ita. Cire ta, ka goge tsohon man da ke kan furosesa, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ka ɗaure notuna huɗun daidai wa daida. Ka tabbata wayar fankar tana ramin da aka rubuta CPU_FAN. Sannan ka ɗauke kwamfutar daga ƙasa, don in hunturu ya kama, ƙura za ta toshe mata hanci.

In lambar zafi lafiya lau take amma duk da haka tana ɗaukewa, to mun zo kan wuta, kuma a nan na fi zargi. Na san halinku: kuɗin duka a kan katin hoto, abin da ya rage a sayi akwatin wuta mafi araha. Wannan kuskure ne. Katin hoto ba ya jan wuta a natse. Yakan fizgi fiye da ƙa'idarsa na ɗan ƙiftawar ido, akwatin da bai da ƙarfi kuma sai ya yanke don kare kansa. Shi ya sa ba ta mutuwa in kana kallon fim, sai a tsakiyar wasa. Lambar wat da aka buga a jikin akwati marar suna ba abar rantsuwa ba ce, balle a zafinmu. Kafin ka sayi wani, danna babbar waya mai baki 24 da ta furosesa mai baki 8 har ka ji ƙas. In katin yana da rami biyu, ba kowanne wayarsa daban. Akwatin kansa kuwa kada ka kuskura ka kwance shi, yana riƙe wuta ko bayan an zare filogi.

Sai wutar bango. Ƙa'idarmu volt 230 ce, amma kai ma kana ganin yadda ƙwan fitila ke dishewa in firiji ko injin jan ruwa ya tashi. Ƙaramin janareta ya fi wannan rawa. UPS ɗin da aka rubuta wa 650 kuma ba wat 650 yake nufi ba. Abin da yake ɗauka bai cika wuce 400 ba, kwamfutar wasa tana iya rinjayarsa. Inbata mai araha ma wasu akwatunan ba sa jituwa da irin wutarta. Gwajin mai sauƙi ne: ɗauki kwamfutar ka kai gidan abokin da wutarsa ke tsaye, ka buga wasan nan dai da ke kashe ta. In ta yi awa biyu ba ta ce uffan ba, sitabilaiza mai kyau kake bukata, ba sabon kati ba.

In kuma shuɗin allo ka gani, sai ka duba ram. Kashe XMP a BIOS, bar guda ɗaya a ciki, gwada da MemTest86, sannan ka musanya.

Abin da nake roƙonka shi ne kada ka taɓa abu biyu a lokaci guda. Canja ɗaya, gwada, rubuta a takarda: ƙarfe nawa ta mutu, wace wuta, zafi nawa. In ka bi haka laifin ya tsaya a kan kaya guda, sai ka ɗauke shi da rasit ɗinka ka je shagon, ka yi sallama, ka nuna takardar. Ɗan kasuwa ya fi saurin musanya wa wanda ya zo da bayani fiye da wanda ya zo da hayaniya.

Ni dai har yau ban gane daɗin wasan nan ba, amma guminka ne a ciki, ba na so ya tafi a banza. Yau bayan isha'i ka duba ledar nan, ka kira ni ka gaya mini lambar zafin da ka gani.

Baffanka.