Lissafin iyaka: kira ga iyaye da malamai

Na daɗe ina koyar da lissafi a sakandare a Birnin Kebbi, kuma akwai babi ɗaya a aljabra da yara ke zubar da maki a kansa ba gaira ba dalili: rashin daidaito, inda ake aiki da alamomin >, <, ≥ da ≤. Warware lissafin ba ya ba su wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne ɗauko zancen yau da kullum a rubuta shi da alama, sannan a duba ko amsar ta shiga hankali.

Alhali da wannan lissafi muke kwana muke tashi. Manomin fadama ya san zakka ba ta hau kansa sai amfanin ya kai wasƙi 5, wato sa'i 300. A rubuce, x ≥ 300. Mai kai shanshera injin casa a Argungu ya san ana son danshinta kada ya wuce kashi 14 cikin 100, wato d ≤ 14. Mai neman kujerar gwamnan Kebbi kuwa, bayan rinjaye, sai ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 na ƙuri'u a ƙananan hukumomi 14 ko fiye daga cikin 21.

Ga misalin da nake ba ɗalibaina. A ƙaddara kwale-kwale ba ya ɗaukar fiye da kilo 1,250. Mai fito da yaronsa kilo 140 ne, kowane buhu kuma kilo 80. Buhu nawa za a loda? Sai mu rubuta 80x + 140 ≤ 1,250. A cire 140, a raba da 80, x ≤ 13.875. Nan take hannuwa ke tashi: “Malam, 14 ne, ai ya haura rabi!” Sai in ce su lissafa da kansu. Buhu 14 da mutum biyu kilo 1,260 ne, an tsallake iyaka. Amsa 13 ce. Wanda ya tuna hatsarin jirgin ruwa na Warrah, a ƙaramar hukumar Ngaski, cikin watan Mayun 2021, wanda aka danganta da yawan lodi, ya san ba maki kaɗai ake rasawa a nan ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Sai mu juya wajen manomi. A ce noman rani ya ci masa naira 610,000, iri da taki da man injin ban ruwa da kuɗin leburori, buhu kuma naira 40,000 ne a kasuwa. Buhu nawa zai sayar kafin ya ga riba? 40,000x > 610,000, wato x > 15.25. Yaro zai ce 15, tunda ɗoriyar ba ta kai rabi ba. Amma buhu 15 naira 600,000 ne, ko uwar kuɗi ba ta dawo ba. Sai 16. A can mun sauko, a nan mun hau, kuma tambayar ce ta yanke hukunci, ba dokar cike lamba ba.

'Yan'uwa malamai, mu rage cika allo da x marar asali. Mu ɗauko misali daga fadama, daga tasha, daga kogin Matan Fada. Mu saba wa yaro da tambayoyi uku: mene ne x ɗin nan? Ita kanta iyakar tana ciki ko tana waje? In na mayar da amsata cikin tambayar, ta tsaya?

Iyaye kuma, ba sai kun yi boko ba. In za ku aiki yaro cefane, ku ba shi kuɗin, ku faɗa masa farashin mudu da kuɗin abin hawa, ku ce ya rubuta mudu nawa zai iya awowa kafin ya fita. In ya dawo, a gwada da abin da ya rubuta.